'Yar Mai Tafireta a Kantin Kwamfuta

Sakatariya ake kiranta, kuma ba a makaranta ta samo sunan ba. Tun tana 'yar shekara shida take zama a kan wani akwatin katako kusa da teburin babanta, a inuwar katangar gidan waya, inda yake buga wa mutane wasiƙu da tafireta. Masu neman aiki, masu kai koke, tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa har suka manta hanyar gida, duk nan suke zuwa su zauna a benci su zazzage abin da ke cikinsu. Baba ya saurara, ya tace, ya zubar da zagin, ya mayar da sauran magana mai tsari. Aikin yarinyar shi ne jera takardu: fara, kabon, fara, kabon, fara, ta daidaita bakinsu ta miƙa. Yatsunta kullum shuɗi da tawadar kabon, takardar nan mai fitar da kwafi. Wani tsohon direba ne ya dube ta wata rana ya ce, "Malam, wannan sakatariyar taka ai ta fi ka ɗaure fuska." Shi ke nan suna ya bi ta har gida. Mama ta yi faɗa a kai har ta gaji, daga baya ita ce ma ta fi kowa kiransa.

Tana shekara tara Baba ya ɗora ta a kan kujerarsa, ya sa mata matashi biyu don ta kai. Dokarsa ba ta da yawa. Ba a kallon yatsu. Ba a buga harafi da rowa. "Buga da zuciya ɗaya," yakan ce. "Mai kwafi na uku ma mutum ne, yana so ya karanta nasa." Idan layi ya kai ƙarshe, 'yar ƙararrawar cikin tafireta ta yi ƙara, sai hannun hagu ya tashi ya ture mariƙin ƙarfen ya dawo da takarda farko. Kafin ta kai sha biyu tana yin wannan ido a rufe, tana hira da mai wasiƙar. Doka ta ƙarshe ita ce wadda ta fi jawo musu rigima: Baba ba ya buga ƙarya. Ta sha ganin ya zare takarda ya miƙa wa mutum, ya ce ya gwada gaba, shi yatsunsa ba za su yi shaidar abin da bai faru ba.

A wancan lokacin ba ta ga mutum a duniya kamar babanta ba. Sai girma ya zo, kuma girma ba ya zuwa shi kaɗai. Shaguna masu kwamfuta da firinta suka buɗe a tsallaken titi, benci ya fara yin fili, ya zama sai tsofaffin da suka saba da Baba kamar yadda ake sabawa da wanzami. Wata rana 'yan ajinsu suka biyo ta wurin, ɗaya ta nuna tafiretar ta ce, "Laa, ashe har yanzu akwai irin wannan? Na zaci sai a gidan tarihi." Sakatariya na zaune a kan akwatinta da kabon a hannu. Daga makon nan aikin makaranta ya yi mata yawa, wai ba ta da sukunin zuwa. Baba bai tambaya ba. Ya koyi jera takardunsa da kansa, akwatin kuma ya zama wurin ajiye butar ruwa.

Yanzu shekararta sha bakwai, ta gama jarrabawar fita sakandare, tana zaman jiran sakamako, zaman da ya fi aiki gajiyarwa. Sai ga sanarwa a ƙofar wani babban kantin kwamfuta a hawa na biyu na ginin kasuwa: ana neman matasa na mako shida, lokacin komawa makaranta, sa'ad da iyaye ke tururuwar saya wa 'ya'yansu laftof. Za a horar da mutum takwas na kwana biyar, a ɗauki huɗu. Tana son aikin nan kamar ta yi kuka. Tana son rigar mai tambarin kanti, tana son sanyin na'urar da ke busawa daga silin, tana so ta tsaya a wurin da babu wanda zai ce da shi gidan tarihi.

Manajan kantin mutum ne mai ƙiba da fara'a, irin waɗanda suke yi maka tambaya suna dariya har ka manta tambaya ce. Ya duba takardunta ya ce, "Kin saba da kwamfuta? Akwai a gida?"

Gaskiyar magana, iyakar sabonta da kwamfuta shi ne ɗakin gwaji na makaranta, mutum huɗu a kan guda ɗaya, shi ma in an yi sa'a akwai wuta. Amma a bayanta akwai wani dogon yaro da abin jin waƙa rataye a wuya, wanda tun a layi yake ba da labarin yadda ya kwance tasa ya ɗaura. Ta ji bakinta ya ce, "Babana da ita yake aiki."

"A ina?"

"A gidan waya."

"Madalla! Kin taso a ciki ke nan."

Ta gyaɗa kai. A hanyar gida ta yi ta lallashin kanta: ai a gidan waya yake, ko da a bakin katanga ne, kuma ai madannai yake bugawa. Irin wannan ƙaryar, mai 'yar gaskiya a wutsiya, ta fi kowace daɗin ɗauka, domin mai ita ma yakan ɗan yarda da ita.

Horon ya fara da hadda. Kowace laftof tana da kati a gabanta: saurinta, yawan abin da take iya ajiyewa, awa nawa batir yake yi. Sakatariya ta kwafe su duka a littafi, ta riƙa maimaitawa tana wanke-wanke har Mama ta ce in ta ƙara jin kalmar batir za ta kwaɗa mata ludayi. Baba kuwa abin nema ya samu. Da yamma ya dawo, ya ajiye jakar tafireta a bayan ƙofa, ya ce a kawo masa kaya zai yi ciniki. Aka ɗauko faranti aka jingina masa babban littafi, ya zama laftof. Ya harɗe a kan tabarma, ya ɗaga hanci.

"Yarinya, wannan abar taku, in na yi kuskure da me zan goge?"

"Ba a gogewa, ranka ya daɗe. Dannawa kake yi, harafin ya ɓace."

"Ya ɓace? Ba tabo?"

"Ko kaɗan."

Ya dubi Mama. "Kin ji ko? Ni shekara talatin ina shafa farin ruwa ina hurawa kamar mai fifita wuta." Ya juyo. "To ci gaba, sayar mini."

Ta shiga zuba hadda, lamba bayan lamba, ba numfashi. Ya bari ta kai ƙarshe sannan ya girgiza kai.

"Da ni mai saye ne, da tuni na kai bakin titi. Ba ki tambaye ni wa zan saya wa ba. Mutum ba ya zuwa da buƙatarsa a baki, a ciki take. Wanda ya zauna a bencina ya ce wasiƙar gaisuwa yake so, sau tari kewar ɗansa ce ta kawo shi. Tambaye shi tukuna, ki yi shiru, shi da kansa zai nuna miki wadda zai ɗauka."

Washegari da Manaja ya tsaya a matsayin mai saye, sauran suka yi ta karanto masa kati. Da aka zo kanta ta ce, "Ranka ya daɗe, wa za a saya wa? Me zai karanta?" Manaja ya tafa hannu, ya ce kowa ya ji, haka ake sayar da kaya. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce babanta. Wannan karon gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ta je ta zauna a kan ƙaryar farko ta ƙara mata nauyi, don Manaja cewa ya yi, "Lallai babanki gogagge ne. Ina so in gan shi."

Rana ta uku aka zo gwajin rubutu. Kowa zai zauna gaban laftof ɗin nuni ya buga bayanin garanti daga takarda, domin sayar da kaya ba ya kammala sai an shigar da sunan mai saye. Dogo, yaron nan mai abin jin waƙa, da yatsu biyu ya yi nasa kamar kaza na tsattsagar tsaba. Sakatariya ta zauna, ta ɗora yatsu takwas inda suka san wurinsu, ta kafa ido a kan takarda. Zuciyarta ta kwanta. A nan kam ba mai koya mata.

Ta fara. Kantin ya yi tsit, ba don sauri kaɗai ba, har da ƙara: kowane harafi duka take kai masa, irin wanda zai ratsa takarda biyar, teburin gilashin har rawa yake. Ba ta ji ba. Kuma babu ƙararrawa a laftof, amma hannu ya san tsawon layi. Yana kaiwa, hannun hagunta ya tashi da kansa, ya kai wa gefen allon mari. Laftof ta juya a kan gilashi ta nufi baki. Dogo ya yi tsalle ya cafe ta a iska.

"Ke!" ya ce, yana rungume da ita. "Me ta yi miki? Gaba kuke yi?"

Dariya ta ɓarke, har mai gadi ya leƙo. Manaja ya duba allon, ya ga lafiya lau, sannan shi ma ya saki tasa. "Sauri kam ban taɓa ganin irinsa ba. Amma wannan ba ganga ba ce. Me kika kai wa mari haka?"

"Sauro ne," in ji ta.

"Sauro a cikin wannan sanyin? To Allah ya jiƙansa."

Ta yi dariya tare da su. Ji ta yi kamar an buɗe jakarta a tsakiyar kasuwa an zazzage. Sauran kwanakin duk lokacin da za ta yi rubutu sai ta danne gwiwar hannun hagunta a jikinta, tana lallaɓa madannan kamar mai taɓa ƙwai. A gida ba ta ba da wannan labarin ba.

Ranar ƙarshe aka kira sunaye huɗu, nata ne na biyu. Murnar ba ta kai ƙofa ba. Manaja ya ce kowa ya zo gobe da mai tsaya masa, uba ko uwa, da katin shaida, a cike fom a sa hannu. Kayan da za su riƙa ɗauka masu tsada ne, ba a ba yaro makullin kabad sai an ga na gaba da shi. Ta ce mamanta za ta zo. Ya ce, "A'a, ni babanki nake jira. Mu 'yan sana'a ɗaya mu gaisa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kowa ya san wannan, amma ba a gane ƙurewarsa sai goshi ya bugi bango. Ta yi niyyar gaya wa Baba da yamma. Sai ta tarar Mama ta riga ta ba shi albishir, yana tsakar gida yana goge takalminsa, yana cewa gobe tsofaffinsa su yi haƙuri sai azahar. A iya saninta bai taɓa rufe teburinsa da safe ba, ko da zazzaɓi. Ta ce bari sai gari ya waye. Gari ya waye ta same shi a bakin famfo yana dirzar tawadar da ta zauna a gefen farcensa da soso da toka. Ta ce bari sai a mota. A mota ta ce, "Baba."

"Na'am?"

"Ba komai. Hawa na biyu ne, akwai matakala."

"Matakala ai ba ta cizo," ya ce, yana gyara wuyar rigarsa.

Manaja ya taso da hannu biyu. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka ba Baba kujera mai juyawa, ya zauna a bakinta a ɗarare. Sakatariya ta tsaya a bayansa tana kallon tayil.

"Baba, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Manaja. "Yarinyar nan hannunta wuta ne. Ta ce kai ma da kwamfuta kake aiki a gidan waya. Shekara nawa ke nan?"

Ta ji sanyin na'urar ya sauka a bayan wuyanta. Baba bai juyo gaba ɗaya ba. Kansa kawai ya ɗan karkato, ya dube ta ta gefen ido sau ɗaya, ya mayar.

"An daɗe," ya ce.

"Wace iri kuke amfani da ita a can?"

"Tsohuwa ce ƙwarai. Amma tana yi."

"Ai tsofaffin nan sun fi ƙarko!" Manaja ya jawo laftof ya juyo da ita gaban Baba. "Fom ɗin a nan yake. Kai ba sai an nuna maka ba, bismillah."

Baba ya matso da kujera. Ya ɗaga hannuwansa, yatsun suka sami layinsu, haruffan duk inda ya san su suke. Idonsa ya yi sama yana neman inda takarda take shiga. Daidai nan Dogo, wanda ya zo da mamansa yana jiran layi, ya leƙo yana washe baki.

"Baba, a hankali dai. 'Yarka ranar nan tana kaiwa ƙarshen layi ta kwaɗa wa wannan mari da hagu, saura kaɗan mu yi jana'iza. Wai sauro!"

Aka sake dariya. Baba bai yi ba. Ya dubi hannunsa na hagu, ya dubi gefen allon. Duk kantin nan shi kaɗai ya san abin da hannun yarinyar ya je nema, kuma ya san nasa ma can zai je, layi ɗaya kawai ya ishe shi. A hankali ya janye yatsunsa. Ya ɗora tafin hannu a kan aljihun gaban rigarsa, inda ƙafar tabarau take leƙowa, ya rufe ta.

"Kash," ya ce. "Na baro tabarau a gida. Tsufa ke nan. Sakatariya, zo ki buga mini."

Ta zauna. Ya tsaya a kanta yana faɗa, tana bugawa: suna, lambar kati, unguwa, dangantaka. Muryarsa ba ta rawa. Nata idon ne ya cika har haruffan suna iyo. Suka iso layin da aka rubuta sana'a, ɗan tsayayyen layin nan na allo yana ƙiftawa yana jira. Manaja ya juya yana magana da maman Dogo. Ta ɗago kai.

"Baba..."

"Rubuta abin da kika gaya musu," ya ce, ƙasa-ƙasa.

Ta rubuta. Firinta ta fitar da takarda, Baba ya karɓi biro ya sa hannu a inda aka nuna masa. Manaja ya miƙa mata riga biyu a leda da ɗan makulli, ya ce Litinin ƙarfe takwas, ya raka Baba har bakin matakala yana cewa in gidan waya za su sauya tsofaffin injinansu a tuna da shi. Baba ya ce in Allah ya yarda.

Suka sauko. Rana ta buɗe, titi ya cika da hayaniya. A wurin jiran mota Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro tabarau, ya hura, ya goge da gefen riga, ya sa, ya tsaya karanta allon motocin da ke tahowa. Bai ɓoye ba, bai kuma nuna ba. Da ma ya zage ta. Da ma ya ɗaga murya a gaban mutanen nan, ya ce da ita maƙaryaciya, ta yi kuka a wuce wurin. Kunyar da ta ji a kan akwati ranar da 'yan ajinsu suka wuce, da wadda ta ji ranar mari, duk wasan yara ne a kan wannan. Waɗancan kunyar babanta ta ji. Wannan ta kanta ce, kuma babu inda za ta daina zuwa don ta guje mata.

"Baba, bari in koma in gaya masa."

"Ki gaya masa me?"

"Gaskiya."

"Na riga na sa hannu," ya ce. "Yanzu ta mu biyu ce. In kika koma, ba ke kaɗai za ki tona ba." Ya gyara zaman tabarau. "Aikin kin iya shi. Ki riƙe shi da kyau, ki tambayi mutane wa za su saya wa."

Ta matse ledar rigunan a ƙirjinta.

"Abu ɗaya kawai," ya ce, idonsa na kan titi, da irin muryar da yake tsara wa mutum wasiƙa. "Manajanku ya ce wani lokaci zai riƙa aikenku kai kaya, ku biyu-biyu. In hanya ta biyo da ku ta bakin gidan waya, ki wuce abinki. Ba sai kin gaishe ni ba. Ni ma ba zan kira ki ba, kada ki ji tsoro."

Motar unguwarsu ta tsaya, yaron mota na kiran fasinja. Baba ya taɓa kafaɗarta ya tura ta gaba, ya ce ta kai wa Mama rigunan ta gani, shi akwai wata tsohuwa da ya yi wa alƙawarin wasiƙa kafin azahar. Ta shiga ta sami wuri kusa da taga. Yana tsaye har motar ta ɗaga, ya ɗaga mata hannu, sannan ya tsallaka titi ya kama hanyar gidan waya a ƙafa, cikin takalminsa da ya goge.